Maƙala Kan Iyon Kifi da Wutar Kainji

  

Ka sani, ya ɗan'uwa, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, hanya ɗaya muka sani ta samun lantarki daga kogin Neja: a tare shi, a tara, a sake shi ya juya injuna. An girka na megawat 760, amma an biya da tsada. Ruwa ya ci tsohuwar Bussa da gungunan ƙasar Yauri, aka tashi mutum fiye da 40,000, kuma har yau akwai ƙauyukan Ngaski da Shanga da ke kwana cikin duhu a bakin ruwan da ke haskaka birane. Wannan yana sosa mini zuciya.

Shi kuwa kifi bai taɓa tare kogi ba. Sarkawa da Gungawa, masuntan kogin, sun daɗe da sanin yakan laɓe bayan dutse, inda ruwa ke murɗawa. A 2003 James Liao na jami'ar Harvard ya bayyana dalili: kifin yana lanƙwasa jiki tsakanin murɗe-murɗen nan, su ke tura shi, tsokarsa tana hutawa. A 2006 masana a Amurka suka nuna mataccen kifi da aka ɗaure a irin wannan wuri yana kutsawa gaba, yana saɓa wa gudun ruwa. Subhanallahi! Rai ya fita, amma surar da Mahalicci Ya yi masa ta ishe shi ɗiban ƙarfi daga kogi.

Da irin wannan tunani Michael Bernitsas na jami'ar Michigan ya ƙera na'urar VIVACE: sanduna ne kwance cikin ruwa, murɗawarsa na kaɗa su sama da ƙasa, motsin ya zama lantarki, ko da kogin a hankali yake tafiya, ba madatsa, ba tashin gari.

Ruwan tafkin Kainji kwance yake, ba zai kaɗa sanda ba. Wurin gwaji shi ne sama da Yelwa, wajen Shanga, inda kogi ke gudu, yana kawo ambaliya biyu a shekara, ta damina da ta hunturu. Ina roƙon masanan cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Bussa da injiniyoyi su shiga kwalekwale tare da Sarkin Ruwa, ya nuna musu inda ruwa ke murɗawa, su auna gudunsa wata-wata.