Wa Ke Ciyar Da Mai Kaki?

Shekarun baya, tun gadar da ta haɗa Malanville da Gaya tana cin kasuwarta, na taɓa raka kawuna kai albasa Kwatano. Tafiya ce ta kilomita 700 da 'yan kai, a bi ta Kandi, a ratsa Paraku. Kafin mota ta tashi sai na ga direba zaune a gindin taya yana ware canji ƙanana-ƙanana, yana cusawa a aljihun gaban riga. Na tambayi kawu ko kuɗin mai ne. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, mai ai yana cikin tanki. Wannan kuɗin hanya ne."

A shingen farko na gane karatun. Wani mai kaki ya karɓi takardun mota, ya buɗe, ya zare abin da aka saka a ciki, ya miƙo su bai karanta ko layi ɗaya ba. Takardunmu cikakku ne, kawu ya ɓata kwanaki da kuɗi wajen haɗa su. Amma da babu su ma haka za mu wuce, a kan farashi guda. Mai gaskiya da marar gaskiya kuɗinsu ɗaya a wannan shinge. Tun ranar nake juya wata tambaya a raina: mutumin da aka ɗora wa tsaron doka, daga aljihun wa yake ci? Domin na lura idon mutum yakan bi hannun da ke ba shi tuwo.

Mu fara da wanda ke ci daga aljihun matafiyi. Mutane kan ce ɓarnarsa ita ce yana sakin mai laifi. Haka ne, amma akwai wadda ta fi wannan. Wanda abincinsa ke fitowa daga laifi ba zai so laifi ya ƙare ba. In duk motocin da ke kan hanya suka gyara fitila, suka sabunta inshora, suka daina lodin da ya wuce kima, ranar iyalinsa za su kwana da yunwa. Dole ya nemo laifi ko da babu, kuma direba da ya san za a karɓa ko ya gyara ko bai gyara ba, me zai sa ya gyara? Kowa ya riƙe wa kowa ƙafa ke nan.

Wannan ba sabon ciwo ba ne a ƙasar Hausa. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da mayar da hukunci hanyar ƙwace dukiyar talaka. Malaman fiƙihu kuwa tun da daɗewa suka ce a ba alƙali abincinsa daga baitulmali, don kada ya sa ido a hannun masu shari'a. Da Turawan Ingila suka kafa baitulmalin En'e kafin yaƙin duniya na farko, suka yanka wa alƙalai da dogarai albashi, hujjar da suka bayar ke nan. Sai dai kakanninmu sun ba mu labarin sauran zancen: dogarin nan mai albashi shi ne ke shanya mutum a rana in bai biya haraji ba. An cire shi daga aljihun mai ƙara, an saka shi a aljihun mai mulki.

A Benin mun ga irin wannan sauyi da idonmu. Bayan Patrice Talon ya hau mulki a 2016, an rage shingayen kan manyan hanyoyi ƙwarai, kuma a farkon 2018 aka narkar da 'yan sanda da jandarmomi aka yi rundunar 'yan sanda guda ɗaya. Duk direban da ya san hanyar Kwatano da da yanzu zai faɗa maka an samu sauƙi, ni ma ba zan hana wa gwamnati wannan yabo ba. Ba zan kuma manta cewa tun ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai ke kai hare-hare a yankin dajin W da ke maƙwabtaka da mu ba, kuma waɗannan masu kakin ne ke kwana a waje, wasunsu suna rasa rayukansu. Wanda ya ce a bar su ba albashi mai kyau, ba mota, ba mai, bai san abin da yake faɗa ba. Ɗan sandan da aka tura aiki da tanki a bushe, an riga an gaya masa inda zai nemo mai, ko da ba a furta ba.

To amma kuɗin da ke da rasit ma yana da nasa haɗarin. A watan Maris na 2024 aka fara kamen masu hawa babur ba hular kwano, har da wanda aka goya, tarar kuwa sefa 10,000. Hular kwano abu ne mai kyau, duk wanda ya taɓa ganin kan da ya daki kwalta ba zai yi musu ba. Amma cikin 'yan makonni ƙasa ta ɗauki ƙorafi, hotunan bidiyo na yadda ake kamen suka cika wayoyi, har hukuma ta rage tarar zuwa 5,000. Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne lissafin. Sefa 10,000 a wurin ɗan kabu-kabu guminsa ne na kwanaki, a wurin babban ɗan kasuwa kuwa bai kai kuɗin katin wayarsa ba. Doka ɗaya, laifi ɗaya, wani ta yi masa bulala, wani ta shafa masa kai. A ƙasar Finlan sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suke auna tara da abin da mutum ke samu, har aka taɓa cin wani babban jami'in kamfanin Nokia tarar yuro 116,000 saboda gudun wuce kima a kan babur. Mu a nan tara kuɗin shiga ce ga mai hali, katanga ce ga marar shi.

Kada kuma mai karatu ya zaci wannan halin ƙasashen matalauta ne kawai. A garin Ferguson na jihar Misuri a Amurka, bayan ɗan sanda ya harbe matashi Michael Brown a 2014, ma'aikatar shari'ar ƙasar ta yi bincike ta fitar da rahoto a 2015. Ta gano cewa mahukuntan garin sun mayar da tara wata babbar hanyar cike kasafin kuɗi, har suna matsa wa 'yan sanda su ƙara yawan takardun tara da suke rubutawa. Baƙaƙen fata kashi 67 cikin 100 ne na mazauna garin, amma su ne kashi 93 cikin 100 na waɗanda ake kamawa. Ko sisi bai shiga aljihun ɗan sanda a ɓoye ba, komai da rasit da hatimi. Duk da haka shingen nan ne na hanyar Kwatano, an dai sa masa kwat da wando.

Sai a ce to a ɗauke su gaba ɗaya a kan baitulmali, kada abincinsu ya rataya a kan laifin kowa. Nan na tsaya ni ma, kuma har yanzu ina ganin ya fi. Amma wa ke riƙe da makullin baitulmalin? A 2018 Benin ta kafa kotu ta musamman mai hukunta laifukan tattalin arziki da ta'addanci, wadda ake kira CRIET. Ta ɗaure ɓarayin dukiyar gwamnati da 'yan damfarar intanet, jama'a suka yi murna. Ita ce kuma a watan Disamba na 2021 ta yanke wa Joël Aïvo shekara 10, ta yanke wa Reckya Madougou shekara 20, dukansu biyu mutanen da suka nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa a shekarar. Wani alƙalin kotun ya bar ƙasar a watan Afrilu na wannan shekara yana cewa daga sama ake matsa musu, gwamnati ta ƙaryata. Ni ba lauya ba ne, ba zan sake musu shari'a a nan ba. Abin da na gani kawai shi ne a majalisun shayi na Malanville mutane sun koyi rage murya in zance ya zo kan siyasa, ba tare da kowa ya umarce su ba.

Inda na fi ganin yadda ake riƙe jama'a kuwa shi ne bakin kogi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka rufe gada. Da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Amma Gaya da Malanville hanta da jini ne, aure ya haɗa, kasuwa ta haɗa, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani duk suna da dangi a kowace gaɓa. Sai kowa ya koma kwale-kwale: mai buhun masara, ɗan makaranta, tsohuwar da za ta gaisuwar mutuwa. Ba a ce an halatta ba, ba a kuma hana ba. An dai kau da kai. A watan Mayu na 2024, da rikicin bututun mai ya yi zafi tsakanin gwamnatocin biyu, sai aka wayi gari an tsayar da ƙetarawar, mutane suka yi cirko-cirko da kayansu a gaɓa.

A nan na fahimci cewa kau da kai ya fi kulki ƙarfi. In aka bar gari guda yana rayuwa a gefen doka, kowa na da ɗan abin da za a iya kama shi da shi, to ba sai an kama kowa ba. Mutumin da ya san jiya ya ƙetaro da kaya ta inda ba a rubuta ba, yau ba zai ɗaga murya a kan an zalunce shi ba. Ba zai je ya tambayi inda kuɗin tikitin kasuwa da yake biya kullum ke tafiya ba, alhali daga irin wannan kuɗi, da na kwastan, da na harajin da ke cikin kowane kwalin sukari, ake biyan mai kakin da yake tsoro. Shi ne mai ciyarwa, amma yana gaisuwa kamar almajiri.

Kwanan baya na kai wa kawu wannan dogon lissafi nawa, yanzu ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa fatauci. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, tsakanin wanda za ka ba 500 ka wuce da wanda zai rubuta maka 10,000 ya riƙe babur ɗinka, wanne kake addu'ar ka tarar a hanya?" Na ce masa ai na biyun ne mai gaskiya. Ya ce, "Ba wanda ya fi gaskiya na tambaye ka ba."

Ban ba shi amsa ba. Da yamma zan ƙetara Gaya duba wata gwaggona da ba ta da lafiya, kuma tun da safe na riga na nemi canji, na ware ƙanana, na saka a aljihun gaban riga.