Gyaran Gwiwa Da Kolajin Alade: Ina Matsayin Musulmi?

Duk wanda ya halarci sallar Juma'a a Babban Masallacin Daura zai ga mutane a gefen sahu suna salla a zaune saboda ciwon gwiwa. Sau da yawa abin da ya lalace shi ne guringuntsi, watau farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashi a cikin gaɓa. Jini ba ya ratsa shi, shi ya sa in ya goge ba ya tsirowa kamar fata, kuma mai ɗori ba shi da dabara a kansa.

A shekarar 1994 likitoci a ƙasar Suwidin suka bayyana hanyar ɗiban ƙwayoyin guringuntsin majiyyaci, a rene su, a mayar masa. Daga baya aka riƙa shuka su a kan wata 'yar shimfiɗa ta kolajin, watau sinadarin da ke sa romon ƙafar saniya ya daskare. Aikinta kamar na azara ne ga magini: ita ke riƙe laka har ginin ya kama, sai dai ita wannan narkewa take yi a jiki. To, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016, mai suna MACI, daga jikin alade ake yin ta.

A ɗauka wani falke ne na kasuwar Mai'aduwa, sa ya harbe shi a gwiwa, ya je Asibitin Ƙashi na Dala, daga nan ya wuce ƙasar waje, aka ce wannan ne maganinsa. Ya karɓa ko ya ƙi?

Kada ya kafa hujja da sujada, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Imrana ɗan Husaini izinin salla a zaune. Lalurarsa tana ga raɗaɗin da ke hana shi barci, da iyalin da ƙafar nan ke ciyarwa. Aya ta 173 ta Suratul Baƙara da ta haramta naman alade, ita ce kuma ta ɗauke laifi ga wanda ya matsu. Haka nan da hancin azurfa na Arfajata ɗan As'ad ya yi wari, Annabi ya umarce shi da na zinariya, alhali zinariya haram ce ga maza.

Wasu malamai, a taron Kuwait na 1995, sun ce abin da ya rikiɗa ya bar asalinsa ya tsarkaka, kamar giyar da ta koma khal. Waɗansu kuwa sun ce rikiɗar kolajin ba ta cika ba. Saboda haka dogaro da lalura ya fi aminci, amma fa da sharaɗi. Ya tambayi likita amintacce daga wace dabba aka yi, domin akwai na saniya, akwai na doki. In babu wanda zai yi aikin sai na alade, ya karɓa ba tare da waswasi ba.

Wanda ya ƙi tambaya ya yi sakaci da addininsa. Wanda ya ƙi magani bayan lalura ta tabbata, har 'ya'yansa suka shiga bara, ya ƙuntata abin da Allah ya yalwata. Allah shi ne Masani.