Shin Amana Tana Da Ƙabila?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa. 

Duk wadda ta zauna a Legas ta san gari ne da bakin teku ya tara wa jama'a: Yarabawa, Ibo, Hausawa, mutanen Kwatano da na Gana. Hausawa sun daɗe a can, kuma isar layin dogo Kano a 1911 ta ƙara buɗe hanyar fataucin goro da shanu. Ga mu nan a Agege da Idi-Araba da Obalende, ga motocin tumatir da albasa na sauka a kasuwar Mile 12. Mu ma mata ba a bar mu a baya ba: wata na waina, wata na turaren wuta, wata na saro atamfa a Balogun.

To, a irin wannan gari akwai tambayar da ya kamata kowace 'yar kasuwa ta yi wa kanta. Gaskiyar da nake yi wa 'yar garinmu, ita ce nake yi wa wadda ba ma jin yaren juna?

A gida, idan kika tauye mudu, kafin magariba labari ya kai gidanku. A Legas kuwa mai saye za ta shiga danfo ta ɓace, wataƙila ba za ku sake haɗuwa ba har abada. Ba ta san iyayenki ba balle ta kai ƙara. Nan ne ake gane ko tsoron Allah ke riƙe da mutum, ko kuwa dama tsoron bakin mutane ne.

Alƙur'ani ya yi maganar nan tuntuni. A Suratu Ali Imrana, aya ta 75, Allah ya zargi wasu daga Ma'abota Littafi da ke ganin babu laifi su ci dukiyar wanda ba nasu ba, ya kuma ce ƙarya suke yi masa. Suratul Muɗaffifina da ta yi wa masu tauye awo narko ba ta ware addinin mai saye ba. Lokacin Hijira, Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. Ya kuma rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir.

Wata za ta ce, "Malama, ai su ma cutarmu suke yi, in ba ki buɗe ido ba a Legas sai ki koma gida da zane ɗaya." Gaskiya ne akwai macuta, kuma Musulunci bai ce ki zama sakara ba. Ki ƙirga kuɗinki, ki duba kaya, ki rubuta bashi ki kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar. Amma hadisi ya umurce mu da mayar da amana, ya hana mu ha'intar ko da wanda ya ha'ince mu. Bare ma wadda ke gabanki yau ba ita ce ta cuce ki jiya ba, yare kawai suka haɗa.

Wata kuma za ta ce, ashe laifi ne in rage wa 'yar'uwata farashi? A'a, wannan kyautatawa ce daga cikin ribarki. Abin da aka hana daban ne: ki jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa, ki lotsa gindin derika, ki rantse a kan kuɗin sari na ƙarya don kin ga baƙuwa ce.

Ki kuma tuna, ke da hijabinki ba sunanki za a kama ba. Cewa za a yi "Hausawa" ko "Musulmi". Haka ƙullin zuciya ke taruwa, har ranar da ƙaramar sa'insa za ta zama gobara. Rikicin Idi-Araba na 2002 da na Mile 12 na 2016 sun ci rayuka da dukiya, kuma mata da yara sun sha wahala. Ban ce tauye mudu ne ya haddasa su ba. Amma ranar tashin hankali, maƙwabciyar da ta san ki da gaskiya ita ce ake sa ran za ta buɗe miki ƙofa.

Saboda haka mu auna wa kowa da mudu ɗaya, mu kuma koya wa 'ya'yanmu da ke tsare mana kaya haka. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.