Uwa Ta Yi Saisaye: Me Nassi Ya Ce?

Karatu: 1 Korintiyawa 11:2-16, Littafin Ƙidaya 6:1-21

A cikin majami'un Maitama da sauran unguwannin Abuja ana ƙara ganin iyaye mata masu shekaru hamsin da wani abu, ko sittin, waɗanda suka bar kitso da ƙarin gashi, suka tafi shagon aski aka yi musu saisaye irin wanda mazajensu da 'ya'yansu maza suke yi. Yawancinsu ba sa ko rina furfurar. Ranar Lahadi ɗankwali yana rufe kome, amma a bikin aure ko wurin ziyara sai abin ya bayyana, daga nan kuma magana ta fara yawo cikin Zumuntar Mata: wai Mama ta mai da kanta namiji, wai zaman birni ya ɓata ta. Akwai wadda irin wannan raɗa ta sa ta daina zuwa zumunta. Wannan ne ya sa batun ya wuce na ado, ya zama na kiwon tumakin Ubangiji.

Maitama wuri ne da yake haɗa mutane iri iri a benci ɗaya. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaura zuwa Abuja a Disamba 1991, unguwar ta zama mazaunin jakadu da manyan ma'aikata. Amma a sujadar Hausa, kusa da darakta mai ritaya za a iske matar maigadi ko ta direba da ta gangaro daga Mpape, wadda ta taso a ƙauyen da mace ba ta aske kai sai don ciwo ko makoki. Abin da ɗaya take gani sauƙi ne, ɗayar tana ganinsa abin kunya. Dukansu kuwa masu bi ne na gaskiya.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a san dalili, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikaciyar gwamnati tana ritaya ne in ta cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. A cikin waɗannan shekaru duka kanta ya sha ja: kitso mai tsauri, ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi mai ƙona fata. Likitocin fata sun san sanƙon da yawan jan gashi yake kawowa a gaban goshi da gefen kunne, in ya daɗe kuwa gashin ba ya sāke tsirowa. Bayan ɗaukewar al'ada gashin mace yakan ƙara sirancewa. A shekarar 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka ya nuna cewa matan da suke yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi kamuwa da ciwon dajin mahaifa, har da yawa suka yi watsi da shi. Sai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: maganin ciwon daji yana zubar da gashi, mata da yawa kuwa sun gwammace su aske kafin ya zube. Mai yiwuwa 'yar'uwar da ake gulmarta a bayan majami'a tana zuwa asibiti a ɓoye ne, ba ta so a sani.

Duk da haka, ba a warware maganar Allah da dalilan likita. Manzo Bulus ya yi magana a kan gashi, ba kuwa daidai ba ne a tsallake ta don tana da nauyi. A cikin 1 Korintiyawa 11 ya koyar cewa mace ta rufe kanta lokacin addu'a da annabci, ya ɗauki askin mace a matsayin abin kunya a wurin waɗanda yake rubuta wa, ya kuma kira dogon gashi darajar mace. Abin da yake tsarewa a fili yake: Allah ya halicci namiji da mace, bambancin nan nagari ne, kada kuwa a shafe shi a gaban Allah cikin taron sujada. Maimaitawar Shari'a 22:5 tana kan wannan hanya game da sutura. Duk macen da ta yi aski domin ta ƙi zamanta mace, ko domin ta nuna wa mijinta reni, nassin nan yana magana da ita kai tsaye.

Amma Bulus bai ba da ma'auni ba. Bai ce taƙi ɗaya ko kamu ɗaya ba, alhali gashin da Allah ya ba yawancin matan Afirka ba ya zuba a kafaɗa sai an ja shi ko an ƙara masa. In tsawo ne ma'aunin tsarki, to, wadda ta fi kuɗin sayen hular gashi ita ce za ta fi kowa ibada, wannan kuwa ba wanda zai yarda da shi. Manzo Bitrus ma ya ja kunnen mata kada su dogara ga adon kitso da zinariya (1 Bitrus 3:3-4), haka Bulus kansa a 1 Timoti 2:9. Abin mamaki ne a ce ikkilisiya ba ta ce uffan a kan gashin kanti na dubban nairori ba, sai a kan furfurar da Mahalicci ya dasa.

Akwai kuma nassin da ba a cika karantawa ba. Littafin Ƙidaya sura 6 ya ba namiji ko mace damar ɗaukar wa'adin keɓewa ga Ubangiji. In kwanakin wa'adin sun cika, mai wa'adin yakan aske kansa a ƙofar alfarwa ta sujada, a sa gashin cikin wutar hadaya. Ashe akwai lokacin da mace ta tsaya da askakken kai a wuri mai tsarki bisa ga umarnin Allah. A ɗaya gefen, Samson bai taɓa aski ba har ranar faɗuwarsa, Absalom kuma sau ɗaya a shekara yake rage sumarsa saboda nauyi. Bulus da kansa ya yi aski a Kankiriya, tashar jirgin ruwa ta Korinti, saboda wa'adi (Ayyukan Manzanni 18:18). Ma'anar gashi tana bin dalili da wuri. Ko a ƙasar nan haka take: saurayin Bororo yana kitsa gashinsa ba wanda ya ce ya zama mace, jaririya ana yi mata askin suna kamar jariri, makarantun 'yan mata da yawa kuma suna sa ɗalibai su yi saisaye. Marigayiya Onyeka Onwenu, mawaƙiyar da ta shugabanci Cibiyar Ci Gaban Mata ta Ƙasa a Abuja daga 2013, an san ta da gajeren gashi mai ɗigon furfura har rasuwarta a 2024, ba a kuwa taɓa ɗaukarta namiji ba.

Abin da Nassi ya ƙi, dokar ƙasa ma ta ƙi, shi ne askin tilas. A wasu al'adu dangin miji sukan danne gwauruwa su aske ta da sunan makoki. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda take aiki a Babban Birnin Tarayya, ta haramta al'adun da suke cutar da gwauraye. Abin baƙin ciki ne a ga waɗanda suka yi shiru lokacin da aka aske gwauruwa da ƙarfi su ne suke ɗaga murya in dattijuwa ta zaɓi aski da kanta.

Ga uwar da take tunanin wannan mataki, hikima ita ce ta fara shawara da maigidanta tun almakashi bai taɓa kai ba, gama aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, gashin da ya riga ya faɗi ƙasa kuwa ba ya komawa da ban haƙuri. Miji kuma ya saurari dalilin, ya dubi fatar kan da ta sha wahala shekara talatin, kada ya tsaya kan abin da abokansa za su ce. In ikkilisiyarta tana da al'adar ɗaura ɗankwali a sujada, ta riƙe ta, domin Bulus ya rufe maganarsa da ambaton al'adar ikkilisiyoyin Allah, Romawa 14 kuma ta hana mai 'yanci ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwansa. Surar nan ɗaya ita ce ta hana ɗayan ɓangaren yanke wa bawan wani hukunci.

Nauyi mafi girma yana kan shugabar Zumuntar Mata da matar fasto. In wata uwa ta bayyana da saisaye, aka kuma lura ta fara ɗauke ƙafa daga taron mako, kada a kai sunanta gaban dattawa tukuna. A tura mata biyu masu riƙe asiri su same ta a gida, su fara da tambayar lafiyarta, su yi addu'a tare da ita. In ciwo ne, a san ranar da za ta koma asibiti, a kuma sami wadda za ta raka ta.