Tsuma: Laifin Makaɗi Ko Na Mai Sauraro?

Akwai wani irin kiɗa wanda ba kunne kaɗai ke jin sa ba. Ƙirji yana ji, ciki yana ji, har tafin ƙafa yana ji. Turawa suna kiran wani nau'insa rok, ana yin sa da jita mai aiki da lantarki da manyan ganguna da lasifika masu tsawon mutum. Waɗanda suka yi nisa a cikinsa sukan bar karin da aka saba, su sa jita ta yi kuka, ta yi gurnani, ta yi ƙara kamar ana tsaga kwanon rufi. Wanda ya saurare shi a kaset bai san shi ba tukuna, sai ya tsaya gaban makaɗan, sauti ya lulluɓe shi har ya kasa jin maganar na kusa da shi, ya ga jikinsa na motsi ba tare da ya ba shi izini ba.

To a nan tambayarmu take. Idan kiɗa ya riga hankali isa ga jiki, wa ke da alhakin abin da jikin ya aikata? Makaɗi ne ko mai sauraro?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan bakon al'amari ne a ƙasar Gobir. Tun Alkalawa tana tsaye a bakin Gulbin Rima, kafin faɗuwarta a 1808, tambura ake bugawa maza su fita yaƙi. Ɗan tauri yakan ji takensa ya zabura ya zare wuƙa. Ɗan dambe yakan ji kalangun Ɗan Anace ya faɗa fage ko da abokin karawar ya fi ƙarfinsa. Manomi a gayya yakan ji gangar noma ya manta da rana. Sunan wannan hali a wurinmu tsuma. Kayan kiɗan ne suka sauya, amma abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam yana nan yadda yake.

Alal misali, a arewa da mu, jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar ta haifi Mdou Moctar, Ba'abzine bahago wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke. Daga wasan biki ya kai ga manyan dandamali na Turai da Amurka, ya fitar da faifan Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Da Tamashek yake yawancin waƙoƙinsa, kuma akasarin masu cika masa fili a can ba sa jin ko kalma ɗaya. Duk da haka suna tsuma. Kafin shi an yi wani bahagon, Jimi Hendrix, wanda a taron Woodstock na 1969, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ya murɗa taken ƙasar Amurka da jitarsa har mutane suka riƙa jin rugugin bama-bamai a ciki. Bai furta kalma ba, amma ya faɗi magana.

Wasu za su ce duk abin da ya raba mutum da hankalinsa ɗan'uwan giya ne, saboda haka a ɗora wa makaɗi laifi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin makaɗi ya san abin da yake kira. Wanda ya yi wa matashi taken da zai sa ya zubar da jini ba zai wanke hannu ya ce fata kawai ya buga ba. Malaman jihadi ma sun bambanta gangar da ake bugawa don tara jama'a ko yaƙi da wadda ake bugawa don shashanci, wato sun dubi manufar mai bugun.

Sai dai a lura da wani abu. A fili ɗaya, da kiɗa ɗaya, wani zai yi kuka, wani zai yi rawa, wani zai nemi faɗa, wani kuwa zai tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Take ɗaya ake yi wa ɗan tauri, shi kaɗai ke zabura, 'yan kallo ba sa zare wuƙa. Ashe kiɗa guga ne, abin da ke cikin rijiya shi yake ɗebowa. Mai baƙin ciki zai tarar da baƙin cikinsa, mai ƙiyayya zai tarar da ƙiyayyarsa. Giya rufe wa mutum ido take yi daga halinsa, shi kuwa wannan kiɗa nuna masa halin yake yi, kuma ba kowa ke son abin da ya gani ba. Saboda haka alhakin biyu ne: makaɗi zai amsa tambaya kan abin da ya kira, mai sauraro kan abin da ya tara a zuciya kafin a kira.

Mu marubuta akwai rabonmu a nan. Mun saba auna waƙa da kalmominta kaɗai. Muna rubuta baitocin Narambaɗa na Tubali a takarda, muna feɗe azancinsu, muna mantawa cewa a fadar Sarkin Gobir na Isa da kotso da 'yan amshi aka ji su, kuma rabin ƙarfinsu a can ya rage. Alƙalami ma yana da nasa tsuma, domin yakan kama mai karatu tun kafin ya yi tunani. A yau da ƙarar bindiga ta hana ƙauyukan Sabon Birni da Isa barci, zukatan mutanenmu cike suke da fushi da tsoro da kewar 'yan'uwa. Duk wanda zai zura guga a irin wannan rijiya, makaɗi ne ko marubuci, ya fara tambayar kansa abin da yake son ya fito, da kuma inda zai zuba shi idan ya fito.

Allah Ya sa mu gama da alƙalumanmu lafiya, amin.