Ruwan da ke rufe hanya

Karatun safiya: Markus 1:35-39

A gaɓar arewa maso gabashin Ingila, dab da iyakar Sikotland, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Lindisfarne, wanda mutanen wurin suka fi kira Tsibiri Mai Tsarki. Tsawonsa bai cika kilomita 5 ba, mazaunansa kuma ba su kai 200 ba. Idan teku ta janye, mota na shiga har cikin ƙauyen ta kan titin da aka shimfiɗa a 1954, mai tafiya a ƙasa kuma yana iya taka laka da rairayi, yana bin dogayen sandunan da aka kakkafa a jere don kada ya ɓata. Idan teku ta kawo, titi da rairayi duk su nutse. Sau biyu ke nan a kwana guda. Na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga, sai bayan kimanin awa 5.

Ba mutanen tsibirin ne ke sa lokacin ba. Wata ne ke jan ruwan teku, rana na taya shi, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar sabon wata da daren sha huɗu. Kullum lokacin yana ja baya da kusan minti 50. Hanyar da aka bi yau da hantsi, bayan 'yan kwanaki a wannan sa'ar tana ƙarƙashin ruwa. Don haka hukumar yankin ke buga jadawalin lokutan ƙetarawa, mai sayar da burodi da mai kai wasiƙa da limamin coci duk da shi suke tsara wuninsu. Amma ba a rasa baƙon da zai leƙa ya ga ruwan bai wuce idon sawu ba, ya taka mota ya shiga. Ruwan nan ba ya zuwa da ruri, a hankali yake malalowa ta kowane gefe, kafin mutum ya ankara ya kai ga inji. Saboda irin waɗannan ne aka gina wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya, mai tsani, inda mutum zai hau ya jira masu ceto yana kallon motarsa tana nutsewa. Wannan ɗaki yana taɓa zuciyata ƙwarai. Waɗanda suka gina shi sun san gargaɗi ba zai ishi kowa ba, ba su kuwa ce wanda ya ƙi ji ya je ya gani ba.

Wurin ba na jin daɗin jiki ba ne. Iskar Tekun Arewa tana kaɗawa ba tare da wani kurmi da zai tare ta ba. A Disamba hasken rana awa 7 ne kacal, a Yuni ya haura 17. Ko da bazara hazon teku kan taso ya lulluɓe komai har ba ka ganin sandar da ke gabanka. Arewacin tsibirin tuddan rairayi ne waɗanda wata ciyawa mai dogayen saiwoyi ke riƙe da su, a kudu maso gabas kuwa akwai baƙin dutse mai tauri wanda aka ɗora ganuwa a kansa a ƙarni na 16.

To, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku dubi filin lakar nan da ruwa ke bari idan ya janye. A ido fanko ne, a ciki kuwa cike yake da tana da ƙananan katantanwa da wata ciyawar ruwan gishiri mai laushi. Dubban tsuntsaye ne ke sauka kiwo a kansa. Daga watan Satumba wasu ƙananan dinyoyi masu farin ciki sukan iso daga tsibiran Svalbard na can ƙurewar arewa, tafiyar fiye da kilomita 2,000, su yi hunturu a nan saboda wannan ciyawa, sa'an nan su koma. Da bazara wasu fararen tsuntsayen teku ƙanana suna yin ƙwai a kan rairayin bakin ruwa, idan sanyi ya matso su nufo gaɓar Afirka ta Yamma. A kan tudun yashi kuma manyan dabbobin teku masu kitse da gashin baki, waɗanda ake kira sil, suna kwance ɗaruruwa, kukansu na isa har cikin ƙauye. Dukan wannan arziki ruwan da ke rufe hanya ne ke kawo shi. Da za a datse teku don motoci su riƙa wucewa dare da rana, da lakar ta bushe, ciyawar ta mutu, tsuntsayen su nemi wani wuri. Mai noman fadama ya san zancen: ambaliyar da ta hana shi shiga gonarsa da damina ita ce ta ajiye masa ƙasar da zai ci albasa da tumatir a kanta da rani.

A shekara ta 635 Sarki Oswald na Northumbria, mai mulkin wannan yanki, ya nemi a aiko masa da mai wa'azi daga tsibirin Iona, aka aiko Aidan. Fadar sarki tana Bamburgh, ana hango ta daga tsibirin, amma Aidan ya zaɓi ya zauna a nan. A ganina ya yi hikima. Ruwa ya rufe, shi da 'yan'uwansa su yi addu'a da karatu da koyar da yara. Ruwa ya buɗe, ya fita a ƙafa ƙauye ƙauye yana magana da duk wanda ya tarar, talaka ko mai sarauta. Da fari bai iya harshen mutanen sosai ba, sarki da kansa ke yi masa tafinta. Bayansa wani bawan Allah na tsibirin mai suna Cuthbert ya so kaɗaici har ya koma wani tsibiri can cikin teku, amma aka bi shi aka roƙe shi ya dawo ya zama bishop a 685, ya kuwa dawo.

Abin da Markus ya ba mu labari ke nan game da Ubangijinmu. Daren jiya garin Kafarnahum duka ya taru a ƙofar gida, Yesu ya warkar da mutane da yawa. Da asussuba, tun da sauran duhu, ya fita zuwa inda ba kowa, yana addu'a. Bitrus da sauran suka bi sawunsa da labarin cewa jama'a na nemansa. Bai koma ga taron jiya ba, ya ɗauke su suka nufi sauran garuruwan Galili. Daga wurin addu'ar nan ya fito da sanin inda za a dosa.

Mu kam mun fi son hanya a buɗe kullum. Waya na hannu tun kafin mu wanke ido, muna amsa kowa, Allah ne kaɗai muke cewa ya dakata. Rufewar da muka zaɓa da kanmu, wato 'yan mintocin nan na safe, da sauƙi. Mai wuya ita ce wadda aka ɗora mana: jinyar da ta kwantar da kai, aikin da aka nema shekara da shekaru shiru, auren da bai zo ba, haihuwar da ake ta jira. A nan ne zuciya ke cewa ruwan ai bai da zurfi, taka ka wuce, ko ta hanyar cin hanci ne, ko ƙarya, ko gidan boka. Ina roƙonku, kada ku shiga. Wanda kuma ya riga ya shiga, tsanin yana nan, ya hau ya yi kira.

Ba zan ce muku zaman jira katanga ce daga masifa ba. A 793 mahara daga ƙasashen arewa suka zo ta wannan tekun da jirage, suka kashe bayin Allah a tsibirin, suka kwashe wasu a matsayin bayi. A 875 bayin Allah na wannan zamanin suka bar wurin ɗauke da gawar Cuthbert da littafin Bishara huɗu da aka rubuta da hannu a can, wanda har yau yana ajiye a Landan. Masu addu'a ne, aka kuwa kore su daga gida. Da yawa cikinmu sun san wannan ciwo a jikinsu, ba a labari ba.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne ka sa wa teku iyaka, kai ne kuma mai riƙe da lokatanmu. Ka ƙarfafa wanda ya kwana a gadon asibiti da wadda ta kwana tana jinyarsa. Ka tuna da waɗanda aka raba da gonakinsu suna kwana a makarantu da gidajen dangi. Ka tsare matasanmu daga gaggawar da ke hallakarwa, wanda ya riga ya faɗa kuma ka aiko masa da mai miƙa hannu, ko da ni ne. Yau idan ka ce in tsaya, ka ba ni haƙuri. Idan ka ce in tafi, ka nuna mini ƙofar wanda zan fara gaisarwa. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.