Gargaɗi Ga 'Yan'uwa Muridai A Kan Dukiyar Mamaci Da Amanar Marayu

Da sunan Allah na fara, gare shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda shi ne mai gadon ƙasa da abin da ke kanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana a cikin Allah, Allah shi datar da mu da ku, ni bawa ne mai rauni wanda shekaru suka yi masa yawa, na wanke gawa mai yawa, na zauna a rabon gado mai yawa. Na ga mutane waɗanda wuridi bai taɓa kuɓuce musu ba safe da maraice, amma da aka ajiye dukiyar mamaci a gabansu sai ƙafarsu ta zame. Don haka na rubuta wannan 'yar takarda, ina gargaɗin kaina da farko, sa'an nan ku.

Fasali na farko, a kan abin da ya auku gare ni.

Sa'anda malamina ya cika, Allah shi haskaka makwancinsa, ina saurayi. Muka dawo daga maƙabarta, almajirai suka shiga zaurensa, wannan ya ɗauki tasbaha, wannan ya ɗauki buzu, wani ya ɗauki gafaka, kowa yana cewa tabarruki yake nema. Ni kuwa na ɗauki wani littafi da ya rubuta da hannunsa, wanda a cikinsa ya karantar da ni, na ce a raina babu wanda ya fi ni cancanta da shi. Malam ya bar mata ɗaya da 'ya'ya ƙanana, babbarsu ba ta kai aure ba. Littafin nan ya shekara goma sha ɗaya a ɗakina. Wata rana ina biya wa yara Suratun Nisa'i, muka kai aya ta 10, inda Allah ya bayyana makomar masu cin dukiyar marayu da zalunci, cewa wuta suke zubawa a cikkunansu. Sai harshena ya yi nauyi. Na tuna ranar da na sa hannu a kan littafin, na ga cewa a ranar ya riga ya fita daga mulkin malam ya shiga mulkin marayunsa, ni kuwa ban saya ba, ba a kuma ba ni ba. Na tashi na nemi magadan ɗaya bayan ɗaya, na sa masu sayar da littattafai suka yi masa ƙima, na sayar da ragona na biya, na roƙi gafararsu. Ɗayansu ya riga ya rasu, sai na kai rabonsa ga 'ya'yansa. Har yau in na tuna shekarun nan goma sha ɗaya, ina jin tsoron abin da aka yi da wuridina a cikinsu.

To ku sani, ya 'yan'uwa, rawanin shehu da alkyabbarsa da tasbaharsa da littattafansa duka tarika ce, hukuncinsu hukuncin akuyarsa da gonarsa. Wanda yake son wani abu daga ciki domin albarka, shi roƙi magada baligai su ba shi daga rabonsu, ko shi saya da farashin kasuwa. Rabon maraya kuwa babu mai ikon bayar da shi kyauta, ko da uwarsa ce.

Fasali na biyu, a kan jerin haƙƙoƙi.

Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda Shehu Halilu ya jera a babin ƙarshe na Muhtasar, sun sanya haƙƙoƙi 5 a kan tarika, ba a gabatar da na baya a kan na gaba. Na farko haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar gonar da take jingina a hannun wani. Na biyu kayan jana'iza, likkafani da haƙan kabari, gwargwadon abin da aka saba ba da ɓarna ba. Na uku bashi, ko da zai cinye dukiyar duka, kuma a cikinsa akwai sauran sadakin mata kadan bai gama biya ba. Na huɗu wasiyya, daga sulusin abin da ya rage. Na biyar rabon magada.

Amma kayan mutane da ke hannun mamaci, ajiya ce ko aro ko kuɗin zawiya da 'yan'uwa suka tara a wurin muƙaddami, waɗannan ba su shiga tarika tun asali, a mayar wa masu su kafin a fara lissafi.

Kada ku raina bashi. An kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, gawar wani mutum da ake binsa 'yan dinarai, bai yi masa salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Kadan haka ta auku ga wanda ya ga Annabi da idonsa, yaya halin irinmu? Wanda aka ɗora wa aikin tarika shi yi shela a masallaci da kasuwa, mai bin bashi shi zo da shaidarsa.

Wasiyya ba ta wuce sulusi, saboda Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi, sa'anda ya yi ciwo mai tsanani a Makka a shekara ta 10 bayan Hijira, ya nemi izinin bayar da kashi biyu cikin uku, aka hana shi, ya nemi rabi, aka hana shi, aka tsayar da shi a kan sulusi. Kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa, 'ya'yan kakan maza suna katange shi daga gado, don haka mai tausayi shi yi masa wasiyya tun yana da rai.

Ga misali domin mai koyo. Mutum ya bar naira 1,400,000, da mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi, kuma ya yi wasiyya da rabin dukiyarsa ga masallaci. Jana'iza ta ci 50,000, bashi 150,000, saura 1,200,000. Magada ba su yarda da ƙarin ba, sai wasiyya ta koma sulusi, wato 400,000, saura 800,000. Matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, wato 100,000. Saura 700,000 a kasa shi bakwai, kowane namiji 200,000, kowace mace 100,000. Waɗannan rabe-rabe Allah ne ya yanka su da kansa a ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Wanda bai karanci babin fara'ili ba, ko a Risalar Ibni Abi Zaidi wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, kada shi sa baki, shi kai wa alƙali ko malamin da ya ƙware.

Fasali na uku, a kan ramukan da masu ibada suke faɗawa.

Daga cikinsu akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. A ɗebi hatsi daga rumbun mamaci, a yanka dabbarsa, a tara 'yan'uwa su yi zikiri su ci, alhali a cikin magada akwai mai shan nono. Wanda yake son yi wa mamaci sadaka shi yi daga aljihunsa, ko baligi daga rabonsa bayan an raba. Ku tambaya kafin ku sa hannu a akushi, gama shehunan tarbiyya sun haɗu a kan cewa lomar haram tana rufe zuciya, ambato ba shi shiga.

Daga cikinsu akwai babban ɗa ko ƙanin mamaci shi riƙe kome, yana cewa shi ne a madadin uba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a shekara ta 1232, daidai da 1817, ya lissafa wannan a cikin bidi'o'in da ya yi wa mutanen ƙasar nan gargaɗi a kansu. Ga shi har yau ana barin gida da gona shekara ashirin ba rabo, har magada su mutu a bar magadan magada, zumunci shi koma gaba.

Daga cikinsu akwai hana 'ya'ya mata ƙasa, a ce musu gona ta maza ce. Mace tana da rabonta a cikin gida da gona da shanu. Yafewar da aka karɓa daga gare ta da kunya, a gaban yayyenta, kafin ta san yawan abin da take da shi, ku ji tsoronta. A auna rabonta a damƙa mata, sa'an nan ta yi abin da ta so.

Daga cikinsu akwai korar matar mamaci daga ɗakinta. Takabarta wata 4 da kwana 10, ko haihuwa kadan tana da ciki, kuma tana da haƙƙin zama a gidan kadan mallakin mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa. In akwai cikin da zai yi gado, a mazhabarmu ana dakatar da rabo sai an haihu.

Daga cikinsu akwai cewa malam ya ba da wannan fili hubusi ga zawiya. A wurin Malikiyya kyauta da hubusi ba su cika sai da hauzi, wato a karɓe abin daga hannun mai shi tun yana da rai da lafiya. In ya mutu ba a karɓa ba, ya koma gado. Abin da ya bayar a ciwon ajali kuwa daga sulusi ake fitar da shi.

Daga cikinsu akwai na wannan zamani. Mutum shi rubuta sunan ɗansa ko ƙaninsa a takardar banki ko ta wurin aiki a matsayin makusancinsa, sai wanda aka rubuta shi ɗauka kuɗin nasa ne. Shi amini ne kawai, shi karɓo da izinin kotu shi zuba a cikin tarika.

Fasali na huɗu, a kan wasiyyi mai riƙon marayu.

Sharaɗinsa shi zamanto Musulmi, baligi mai hankali, adili, mai iya aikin, kuma mace tana iya zama. Kadan ya karɓa, mai wasiyyar kuma ya mutu, ba shi da ikon sauke kansa, don haka ku yi tunani kafin ku ce na'am. Shi rubuta kome a gaban shaidu biyu tun ranar farko, shi ware kuɗin maraya daga nasa, kada shi ranta wa kansa, kada shi sayi kayan maraya da araha. Shi juya dukiyar ta hanyar halal, gama Imamu Maliku ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Umaru ɗan Haɗɗabi ya yi umurni da a yi fatauci da dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. In mawadaci ne shi kame, in matalauci ne shi ci gwargwadon wahalarsa. Sa'anda yaro ya balaga aka ga shiriya a gare shi, shi miƙa masa kayansa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta surar ta hukunta.

Rufewa.

Ya ɗan'uwana, daren nan bayan ka idar da wuridinka, ɗauki takarda ka rubuta wanda yake binka da wanda kake bi, da ajiyar da ke hannunka, da abin da yake na zawiya da abin da yake naka, ka sa adilai biyu su shaida. In kuwa a ɗakinka akwai abin wani maraya kamar yadda ya kasance a ɗakina, kada ka jira shekara goma sha ɗaya. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan takarda shi gyara, shi roƙa mini gafara. Allah shi jiƙan iyayenmu da shehunanmu, shi raba mu da haƙƙin bayinsa, shi sa mu cika da kalmar shahada. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.